Da wace tiya ake auna dukiyar Nijar?

Maganar wannan mako ta lissafi ce, irin wadda aka saba bar wa ƴan biro na Yamai, alhali kuwa ta taɓa buhun mai hatsi, ta taɓa patantin mai shago, ta kuma taɓa albashin malamin lakwal. Kullum muna jin rediyo na cewa tattalin arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi kaza, bashin da ake bin mu ya kai kashi kaza na PIB, harajin da ake tarawa bai wuce kashi kaza ba. Ministan kuɗi ya faɗa, wakilan FMI su maimaita, mu kuma mu gyaɗa kai. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce: shi wannan PIB da ake raba kome da shi, da ma'aunin wace shekara aka auno shi?

Sanin kowa ne cewa a kasuwar Gure, ko ta Gidigir, kafin a yi cinikin hatsi sai mai saye ya dubi tiyar da za a auna masa. In tiya ta tsufa, bakinta ya cinye ko gindinta ya lotsa, to ƙidaya tana iya fitowa daidai, tiya arba'in cif, amma buhu bai cika ba. Ƙasa ma tiya gare ta. PIB dai shi ne jimillar kuɗin duk abin da aka samar a cikin ƙasa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta: gero da wake, nono da nama, kanwa da manda, ɗinkin tela, jigilar mai kamyo, koyarwar malami, man da aka tace, har da kuɗin hayar da mai gida zai biya da a ce gidan ba nasa ba ne. Tiyar da ake auna wannan taro da ita kuwa, masana lissafi suna ce mata da Faransanci année de base. Mu a nan sai mu kira ta shekarar ma'auni.

Ga yadda abin yake. Babu ƙasar da ke iya bin kowace gona da kowane garke da kowane teburi duk shekara tana ƙidayawa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi shekara guda a yi mata bincike mai zurfi, a san sana'o'in da ke akwai, da girman kowace, da farashin kaya, da abin da mai sana'a ke kashewa kafin ya ga riba. Daga nan sai a riƙa ɗora sauran shekaru a kanta da ƴan alamomi masu sauƙin samu. Mu ɗauki ragon da aka sayar a kasuwar Subdu. Ma'aikacin lissafi da ke zaune Yamai bai ga ragon ba, ba kuma zai gan shi ba. Abin da ke gabansa shi ne adadin tumakin da aka ƙiyasta akwai a ƙasa, da kason da aka ce makiyayi na fitarwa daga garke kowace shekara, da matsakaicin farashi, da la'adar dillali, da kuɗin mota. Farashi yana iya samunsa duk mako daga masu bin kasuwanni. Amma adadin garke da kason fitarwa da kason riba, waɗannan an tsayar da su ne tun shekarar ma'auni, kuma da su zai ci gaba da aiki har ranar da aka sake wani bincike.

Matsalar tana nan. Sana'ar da take ƙarama a shekarar ma'auni, ko da ta ninka sau goma daga baya, a cikin lissafi ƙaramin gurbi take riƙe da shi. Wadda kuwa ba a haife ta ba a lokacin, tana iya shekara da shekaru tana ciyar da dubban gidaje ba tare da ta shiga takarda ba. Ku tuna da wayar salula. A farkon shekarun 2000 ta shigo Nijar. Yau mai sayar da kati, da mai cajin waya da farantin hasken rana, da mai gyara, da rumfunan aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, duk cin abinci suke yi a kanta. Haka ƴan kabu-kabu, haka masu injin ban ruwa a kwarurukan dabino na ƙasar Muniyo. Shi ya sa masana na Majalisar Ɗinkin Duniya da na FMI suke ba da shawarar a sabunta shekarar ma'auni duk bayan shekara biyar. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. To wannan a zuma ne, ban da tiya.

Garin Gure ma yana da nasa tarihi a wannan fage. A ƙarshen 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gure zamanin Muniyoma Koso, ya kuma rubuta cewa kuɗin shigar sarkin ya kai wuri miliyon 30 a shekara, ban da hatsin da ake kawo masa. Da a nan ya tsaya, da adadin bai amfane mu da kome ba, don darajar wuri ta yi ta faɗuwa kafin ƙarnin ya ƙare. Amma sai ya ƙara da cewa a canjin lokacin wannan ya yi daidai da dalar azurfa dubu 10. Wato ya ba da adadi, ya ba da shekara, ya ba da ma'auni. Ya kuma ambata cewa duk da wannan dukiya sarkin na fama da bashi, abin da ke nuna mana cewa ba yau aka fara gwada bashi da samu ba a wannan yanki.

Mu dawo zamaninmu. Nijar ta daɗe tana ɗora lissafinta a kan shekarar 1987. A cikin wannan tsakani ne aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma sefa 100, farashin kome ya birkice, kayan waje suka yi tsada, dabbobinmu suka samu kasuwa a kudu, amma tiya tana nan yadda take. Daga baya aka koma shekarar 2006. Sannan, kafin 2020 ta kama, Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, wato INS, wadda dokar 2004 ta kafa, ta fito da sabon lissafi bisa shekarar 2015, da sababbin ƙa'idojin duniya na 2008. Da aka sake auna shekarar 2015 ɗin nan da sabuwar tiya, sai ga shi PIB ɗin Nijar ya fi yadda ake faɗa da wajen kashi ɗaya bisa uku.

Kashi ɗaya bisa uku fa! Ba wanda ya wayi gari ya tarar da ƙarin jika a aljihunsa. Dukiyar tana nan tun da, ido ne bai kai gare ta ba. Wani ɓangare na ƙarin ya fito daga canjin ƙa'ida, kamar yadda ake lissafa aikin bankuna da abin da ake ɗauka a matsayin jari. Amma a ƙasa irin tamu babban abin da ke motsa adadi shi ne sabon bincike: ƙidayar jama'a ta 2012, da binciken rayuwar iyalai gida gida, da na masu sana'ar da ba su da rajista. Wato dai mu, da shagunanmu da garkunanmu da lambunanmu.

Ba mu kaɗai abin ya faru da mu ba. Labarin da ya fi yin ƙara shi ne na maƙwabciyarmu Najeriya. Har zuwa 2014 da ma'aunin 1990 take aiki, shekara 24 ke nan, lokacin da layukan tarho a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyon ba. A watan Afrilu na 2014 shugaban hukumar ƙididdigarsu, Yemi Kale, ya bayyana sabon lissafi bisa shekarar 2010. PIB ɗin 2013 ya tashi daga naira tiriliyon 42 ya koma tiriliyon 80, ƙarin kusan kashi 90 cikin ɗari, kimanin dalar Amurka miliyar 510. Dare ɗaya Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu ta zama ta farko a nahiyar. Sadarwa, wadda tsohon lissafi bai ba ta ko kashi 1 cikin ɗari ba, sai ga ta sama da kashi 8. Harkar fina-finai ta samu gurbinta. Man fetur da noma, da ake ganin su ne kome, kasonsu ya ragu. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano da Maigatari da Nguru sun san cewa a washegarin sanarwar wutar lantarki ba ta ƙaru ba, hanya ba ta gyaru ba. Kuma ko da aka sha wannan darasi, sai da Najeriya ta sake shekara 11 kafin ta taɓa ma'auninta: a watan Yuli na 2025 ta koma shekarar 2019.

Ghana ta riga ta. A watan Nuwamba na 2010 ta bar ma'aunin 1993 ta kama na 2006, dukiyarta a takarda ta ƙaru da sama da kashi 60 cikin ɗari, ta fita daga sahun ƙasashe matalauta ta shiga na masu matsakaicin samu. Wannan al'amari na cikin abin da ya sa masanin tarihin tattalin arziki Morten Jerven ya wallafa littafinsa Poor Numbers a 2013, kan raunin alƙaluman Afirka. A cikin ƙungiyarmu ta UEMOA kuwa, kusan lokaci guda aka yi aikin, da taimakon AFRISTAT da ke Bamako: Senegal ta samu ƙarin wajen kashi 30, Benin da Togo wajen 36, Kodibuwa 38, Burkina Faso 13 da rabi. Kada kuma a ɗauka ciwon na baƙar fata ne kawai. A 1987 Italiya ta shigar da sana'o'in ɓoye cikin lissafinta, ta wayi gari tana shelar ta wuce Ingila.

To, mai karatu zai ce: tunda ba ya ƙara ko dala a aljihu, ina ruwana? Ruwanka na nan, don kusan duk igiyar da aka ɗaure kasafin kuɗin ƙasa da ita, a jikin PIB aka ƙulla ta. Yarjejeniyar UEMOA ta 2015 ta ce bashin ƙasa kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na PIB, giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3, harajin da ake tarawa kuma ya kai aƙalla kashi 20. An jingine yarjejeniyar a 2020 saboda annobar korona, amma waɗannan alƙaluma su ne har yanzu masu ba da bashi ke dubawa, kuma shirye-shiryen FMI da irin wannan rabo ake rubuta su.

Bari mu yi lissafin a sauƙaƙe, da adadin misali. A ce dukiyar ƙasa 100 ce, bashi 40, haraji 16. Aka sabunta ma'auni, dukiya ta zama 133. Bashin bai ragu da ko tamma ba, amma a takarda ya sauko daga kashi 40 zuwa kashi 30. Ga gwamnati faɗuwa ta zo daidai da zama: fili ya buɗe na cin sabon bashi. Harajin kuma, da yake kashi 16, saura ƙiris ya kai 20, sai ya koma kashi 12. Nan take za a ce ƙasar nan ba ta tara haraji, dole a ƙara ƙoƙari. Wa za a bi? Ba makiyayin da ke bayan Tasker ba, wanda garkensa na cikin abin da ya kumbura lissafin. Wanda za a bi shi ne mai shago a bakin babbar hanya, mai lambar haraji, wanda kayansa ke bi ta gaban duwan, wanda da ma shi ke biya. Wannan shi ne abin da nake so ƴan kasuwa su gane: duk lokacin da aka gano cewa dukiyar ƙasa ta fi yadda ake zato, an gano ta ne a inda lanho bai isa ba, amma nauyin cike giɓin yakan faɗa a inda lanho ya saba zuwa.

Ma'aikaci ma yana da rabonsa. A taron Incheon na 2015 ƙasashen duniya sun amince a kashe wa ilmi kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na PIB. Ƙasar da ke alfahari ta kai kashi 5 da tsohuwar tiya, da sabuwa sai ta tarar ba ta cika 4 ba. Ƴan sandika masu zama teburin shawara da gwamnati ya kamata su riƙa tambaya, duk adadin da aka miƙo musu, na wane ma'auni ne, don ana iya gwada kason bana na sabon lissafi da kason wata shekara na tsohon lissafi a ce an ci gaba ko an ci baya, alhali tiya ce ta canza.

Filin bashin nan kuwa tarko ne ga wanda bai yi hattara ba. Bashi da kuɗin haraji ake biyansa, da kuɗin kayan da aka sayar waje, ba da PIB ba. Ghana, bayan ta shiga sabon sahu, rancen rahusa ya fara ja da baya, ta juya ga kasuwannin kuɗi na Turai, ta sake sabunta ma'auni a 2018 ta samu ƙarin kusan kashi 25, amma a watan Disamba na 2022 ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Ban ce sabunta ma'auni ne ya kayar da ita ba. Abin da na ce shi ne bai tsame ta ba. A Senegal, kotun binciken kuɗin ƙasa ta bayyana a watan Fabrairu na 2025 cewa bashin ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 cikin ɗari na PIB, ba kashi 74 da aka faɗa ba. A ƙarshen 2025 ƙasar ta koma ma'aunin 2021, PIB ya ƙaru da wajen kashi 13, kason bashi ya ɗan sauko, masu bin bashi kuwa ba su yafe ko sefa ɗaya ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, ƙasar da ke gyara tiyarta a kan kari, duk shekara biyar, ba mai zarginta. Wadda kuwa ta bari sai ranar da bashi ya shaƙe ta, ko da aikinta na gaskiya ne za a yi masa kallon dabara.

Yanzu mu dubi namu. Shekarar 2015 ta cika goma a 2025, ninki biyu ke nan na wa'adin da masana suka ba da shawara. Ku duba abin da ya gudana a tsakani. A 2015 man da ake haƙowa a Agadem bai wuce abin da matatar SORAZ ke tacewa ba, ganga dubu 20 a rana, tun buɗe ta a watan Nuwamba na 2011. A 2024 bututun da ya ratsa jaharmu ta Damagaram ya nufi Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, ya fara kai ɗanyen mai kasuwar duniya, kuma an gina shi don ɗaukar ganga dubu 90 a rana. Zinariyar Jado da ta Cibarakaten a 2014 aka gano su, samari daga kowane gari na gabas suka kwarara can, kuma mafi yawan abin da ke fitowa ba ya bi ta gaban mai rubutu. Uraniyom, da ya kasance ginshiƙi tun shekarun 1970, ya ja baya: kamfanin COMINAK ya rufe a watan Maris na 2021, gwamnati ta karɓe SOMAÏR a 2025.

Man fetur dai yana da sauƙin ƙidaya, bututu ɗaya ne, famfo ɗaya. Abin da ya fi wuya, kuma ya fi shafar mutanen Gure, shi ne cinikin iyaka. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A tsakiyar 2023 ta cire tallafin fetur ta kuma saki naira, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1500 a 2024, yayin da sefa ke nan ɗaure da yuro. Duk mai kai raƙumi ko sa kudu ya san abin da wannan ya yi wa ribarsa, ƴan ruwa-ruwa ma sun ga sana'arsu ta juya. Takunkumin CEDEAO ya biyo baya, daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, kayan da ke biyowa ta Kotonu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin jigila ya hau. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi in ba zuwa ƙasashen AES ba, a watan Mayu na 2025 kuma, gabanin babbar salla, ta hana fitar da dabbobi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya canza kason ribar ɗan kasuwa da hanyar da kaya ke bi, wato ainihin abubuwan da aka tsayar a shekarar ma'auni.

Maganar dabbobi ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don ita ce dukiyar wannan yanki. Shekaru da dama adadin dabbobin Nijar ƙiyasi ne kawai ake yi, ana ɗora wa na bara wani kaso a ce shi ne na bana. Sai a tsakanin 2005 da 2007 aka yi babbar ƙidayar noma da dabbobi, aka bi rijiyoyi da mashaya da hanyoyin makiyaya. Aka samu kai miliyon 31: shanu sama da miliyon 7, tumaki sama da 9, awaki sama da 11, raƙuma miliyon ɗaya da rabi, sauran dawaki da jakai. Wannan ya zarce abin da ake rubutawa a da nesa ba kusa ba, kuma jahar Damagaram ce ta zo kan gaba da wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Aiki ne na a yaba. Amma bayansa sai aka koma gidan jiya, ana ɗora kaso a kan adadin 2005 shekara bayan shekara. Ita kuwa dabba ba ta san kaso ba. Wanda ya ga gawarwakin shanu a arewacin Gure da Tanut a 2010, lokacin da rashin ciyawa ya haɗu da ruwan farko mai sanyi, ya san cewa garke ba ya hawa kamar matakala. Akwai shekarun da ya zube, akwai waɗanda ya ninka. Rairayi ya cinye wasu kwaruruka, rashin tsaro ya koro garkunan Difa zuwa yamma. Ko garken ƙasa ya fi abin da ke takarda, ko bai kai ba, ƙidaya ce kaɗai za ta raba gardama. Sabuwar shekarar ma'auni da aka ɗora kan ƙidayar dabbobi mai shekara ashirin, tsohuwar tiya ce aka shafa wa fenti.

Haka zancen yake ga mutane. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyon 17 da ƴan kai, da ƙaruwar kashi 3,9 cikin ɗari a shekara, irin wadda ke ninka jama'a cikin shekarun da ba su kai ashirin ba. Ƙa'ida ita ce a ƙidaya jama'a duk shekara goma, goman kuwa ta cika a 2022 ba a yi ba. Alhali yawan geron da aka ci a gida, da itacen da aka ƙona, da ɗakunan da aka gina da laka, duk daga yawan jama'a ake fitar da su.

Sai kuma wata tambaya mai wuya: wace shekara za a zaɓa? Ƙa'ida ta ce a ɗauki shekarar da abubuwa suka tafi yadda suka saba, ba fari, ba yaƙi, ba annoba. Shi ya sa Najeriya ta tsallake shekarun korona ta koma 2019, ko da yake hakan na nufin sabuwar tiyarta ta zo duniya da shekara shida. Mu fa? 2020 korona, 2021 damina ta gaza hatsi ya yi ƙaranci ƙwarai, 2023 juyin mulki da takunkumi, 2024 ambaliyar da ta rushe har tsohon masallacin Birni a Damagaram, ga kuma mai ya fara fita a tsakiyar shekara. A ƙasar Sahel, mai jiran shekarar da ba ta da aibi zai daɗe bai auna ba. A ganina gara a ɗauki shekarar da man fetur ya gudana daga farkonta har ƙarshenta, a yi mata cikakken bincike, a bayyana wa jama'a aibinta a fili, sannan a rubuta a doka cewa bayan shekara biyar za a sake, ko wane ne ke kan mulki, ko adadin zai hau ko zai sauka. Don yana sauka ma: ba kowane sabon ma'auni ke zuwa da albishir ba.

Ƙasashe masu hali sun rage wa kansu wannan ciwon kai. Faransa da Amurka da sauransu suna sabunta farashin da suke auna da shi kowace shekara, su auna bana da farashin bara, su ƙulla shekaru kamar sarƙa, sannan duk shekara biyar su yi babban gyara. Ƙasashen Tarayyar Turai sun yi nasu tare a 2014 da 2019 da 2024. Amma wannan dabara ta farashi kawai take gyarawa. Ba ta ƙidaya raƙumi, ba ta gano mai cajin waya. Wannan sai da mutum a kan babur, da takarda ko na'ura a hannu, da kuɗin mai da na abinci. A nan ne gizo ke saƙar. Yawancin manyan binciken da aka yi a ƙasar nan da kuɗin abokan hulɗa na waje aka yi su, Bankin Duniya ko Tarayyar Turai ko hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ranar da dangantaka ta yi tsami, bincike na cikin abin da ke fara tsayawa. Tunda ana ta maganar ƴancin kai a kowane fanni, to sanin abin da ka mallaka da kuɗin aljihunka yana cikin ƴancin. Ga kuma wani aiki na tafe: a watan Maris na 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sababbin ƙa'idojin lissafin ƙasa, masu maye gurbin na 2008, kuma ana sa ran ƙasashe su fara aiki da su wajen 2029 zuwa 2030. A cikinsu an ba da muhimmanci ga rage darajar albarkatun ƙasa da aka haƙe daga cikin samu, abin da ya shafi duk ƙasar da ke sayar da mai da uraniyom da zinariya kai tsaye.

Saura namu laifin, mu jama'a. Tun zamanin jangali aka koya mana cewa mai takarda in ya tambayi yawan garke, a ce masa rabi. Ɗan kasuwa ma in aka tambaye shi cinikin wata, sai ya ce ai kasuwa ta mutu, ko da kamyo biyu na sauke masa kaya a bayan shago. Tsoron yana da dalili, kuma na nuna a sama cewa babban adadi na iya jawo matsin haraji. Sai dai ƙaramin adadi ma yana da tasa illar: yankin da lissafi ya nuna ba ya samar da kome, shi ake mantawa ranar rabon hanya da rijiya da allurar dabbobi da reshen banki. Dokar ƙididdiga ta hana a yi amfani da amsar da mutum ya ba mai bincike don bin sa haraji, kuma ma'aikacin INS ba ma'aikacin lanho ba ne. Hakkin hukuma ne ta sa sarakuna da shugabannin ƴan kasuwa da sarakunan tike su bayyana wannan da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci tun kafin masu bincike su iso, ta kuma dawo da sakamako jaha jaha, har gunduma gunduma, yadda magajin garin Gure zai iya buɗe takarda ya ga kai nawa suka fita daga Subdu da Gidigir a shekara, da buhun kanwa da na dabino nawa suka hau mota.